Yadda Ake Shirya Taro a Tsohon Gida Mai Tarihi da Lambunsa a Zariya

Wanda ya taɓa zama a cikin soron ƙasa da azahar a watan Afrilu, lokacin da kwanon rufin maƙwabta yake ƙuna amma shi yana jin sanyi kamar an yayyafa wa ɗakin ruwa, ba zai yi mamakin masu hidimar da suke tsallake ɗakunan taro na siminti su nemi tsohon gida mai fili da itatuwa ba. Irin waɗannan gidaje kashi biyu ne a Zariya. Akwai na cikin ganuwa, wato gidajen sarauta da na malamai da na attajiran dauri, waɗanda aka gina da tubali aka rufe da azara, akwai kuma na zamanin Turawa da ke GRA da kewayen tashar jirgin ƙasa, waɗanda suka biyo bayan zuwan Turawan mulki a 1902 da shimfiɗa layin dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911. Na sa hannu a hidimomin dangi a kowane kashi, kuma abin da na ɗauka daga ciki shi ne, gidan ne yake yanke yawan mutanen da za a gayyata da lokacin da za a taru da inda kowane abu zai zauna, mai taro kuwa bin sa yake yi.

Matakin farko shi ne sanin mai iko da gidan, kuma wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Yawancin tsofaffin gidajen birni gidajen gado ne da ba a raba ba, saboda haka saurayin da ya nuna maka wurin ya ce ba komai yana iya zama ɗaya daga cikin magada masu yawa, alhali maganar tana hannun dattijon gidan. A je wa dattijon da kai, tare da wani babba da ya san shi, a gaishe shi yadda ya kamata, a faɗa masa irin taron ba tare da ragewa ba: walimar saukar Alƙur'ani ce, ko kamun amarya ne da za a yi kiɗa, ko taron tsofaffin ɗalibai ne, ko ƙaddamar da littafi. Idan gidan na sarauta ne, daga Mallawa ko Barebari ko Katsinawa ko Sulluɓawa, to akwai ladabin da ake bi, kuma wani lokaci sai maganar ta biya ta hannun hakimi. Daga nan a sanar da mai unguwa, domin shi ne zai ji ƙorafin maƙwabta idan motoci suka toshe lungu.

Idan kuwa ginin yana hannun gwamnati ko wata makaranta, to takarda ake rubutawa a jira amsa a rubuce. Wuraren da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, kuma ba a taɓa jikinsu sai da izininta. Wanda yake son ganin yadda ake haɗa tarihi da taron jama'a ya leƙa Arewa House a Kaduna, tsohon gidan Sardauna Sir Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can ɗakin taro daban yake, ɓangaren adana tarihi daban, kuma wannan rabon shi ne abin da ya kamata mai hidima ya kwaikwaya a gidan da ya ara.

Bayan an samu izini, sai a zaga gidan tare da magini, kuma ina nufin maginin ƙasa, ba birkila ba. Zariya ba ta rasa irinsu ba, domin a nan ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma har yau akwai unguwar da ke ɗauke da sunansa. Cocin Wusasa na ginin ƙasa da aka gina a 1929 shi ma shaida ne cewa ginin tubali yana kai shekaru masu yawa idan ana kula da shi. Magini zai ɗaga kai ya duba azara ko gara ta shige ta, ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya saurara, domin inda yaɓe ya rabu da jikin bango ƙararsa takan fita fanko. Zai duba bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginin da ke tallafe da rufi daga ciki, ko akwai tsaga, ya duba indararo ko ya toshe. Ita azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya, ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce kimanin ƙafa 6 ba tare da an tallafe ta ba, shi ya sa magina suke jera ta hawa-hawa daga kusurwa domin su rufe babban ɗaki. Rufin da aka yi ta wannan hanya an yi shi ne ya ɗauki nauyin ƙasarsa da na mutum ɗaya ko biyu masu gyara, saboda haka a rufe matakalar bene a ranar taro, kuma a gaya wa mai ɗaukar hoto tun da wuri cewa ba zai hau kan soro ba.

A wannan zagayen ne kuma ake yin tambayoyin da mutane suke jin nauyin yi. Akwai tsohuwar rijiya a filin? Ina masai yake, kuma ina aka taɓa haƙa wani aka cike? Akwai kabari a cikin gidan? Gidajen malamai da na sarauta da dama suna da kaburburan magabata a wani sashe, kuma babban abin kunya ne a jera kujeru ko a ɗora tukunya a kansu cikin rashin sani. A gidajen zamanin Turawa abin tambaya shi ne wurin sokawe, wato ramin da ƙazantar banɗaki ke taruwa, domin murfinsa yakan ɓuya a ƙarƙashin ciyawa kuma yana iya ruftawa idan mota ta taka shi. Duk inda aka nuna, a kewaye shi da igiya ko a jera tukwanen fulawa a gefensa, rijiya kuwa a rufe ta da murfi mai nauyi wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba.

Game da yawan mutane, kada a ƙirga da faɗin fili, a ƙirga da ƙofa. Tsarin gidan Bahaushe an yi shi ne domin ya rage gudun mai shigowa: daga zaure a faɗa ƙofar gida, daga nan a ratsa shigifa, kuma ƙofofin ba sa fuskantar juna domin kada na waje ya hango cikin gida. Wannan hikima ce a ranakun zaman lafiya, amma idan wuta ta tashi ko hadari ya taso, mutum ɗari biyu ba za su iya fita ta ƙofar da mutum ɗaya yake bi a sunkuye ba. Idan lambun yana da ƙofarsa ta waje, ita ce ƙofar jama'a, zaure kuwa a bar wa manyan baƙi. Idan ba shi da ita, a rage gayyata har ta dawo daidai da abin da zaure zai iya fitarwa cikin 'yan mintoci. Da yake mun san gayyar mutum ɗari a Zariya takan kawo fiye da haka, musamman a taron mata inda kowace takan zo da ƙawa da goyo, a sa katin gayyata ya zama shi ne izinin shiga, a kuma tsayar da dattijo mai kwarjini a ƙofa tare da matasa biyu, domin mutanenmu sun fi jin kunyar furfura fiye da tsoron ɗan sintiri.

Tsarin da na ga ya fi dacewa shi ne a ajiye cunkoso a lambu, a bar soro ga abin da ya fi daraja kuma ya fi gajarta. A ɗaura aure ko a yi addu'a a cikin soro da mutum ashirin ko talatin a kan tabarmi da darduma, an cire takalma a bakin ƙofa, sannan a fito fili domin ci da sha da gaishe-gaishe. Kujerun ƙarfe suna huda daɓe, na roba kuma bayansu yana goge adon bango idan aka jingina su, saboda haka kujera ba ta da wuri a ɗakin ƙasa sai ga tsoho ko marar lafiya, shi ma a shimfiɗa masa kafet a ƙarƙashi kuma a janye shi daga bango. Cikin gida, inda iyalin masu gidan suke, ba ya cikin abin da aka ara ko da ba a faɗa ba. A rataya labule ko asabari a bakin shigifa, a zaunar da wata dattijuwa daga dangin masu taro a wurin domin ta riƙa mayar da masu leƙe cikin girmamawa.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ta fi duk sauran muhimmanci, domin ginin ƙasa yana jure zafi da ƙura da shekaru, amma ba ya jure jiƙa a gindi. A wata walimar sauka da muka yi wa 'ya'yan yayana a wani tsohon gida a cikin birni, mun tsara abinci da rumfa da lasifika, amma ba mu tsara wurin alwala ba. Da aka kira la'asar sai kowa ya ɗauki buta ya nufi inuwar bangon zaure, mutum bayan mutum, masu girki kuma suna zubar da ruwan wankin shinkafa a bayan wannan bangon dai. Washegari da na koma kwashe kaya na tarar da tsohon maginin gidan a tsugune yana danna gindin bangon da babban yatsansa, yatsan yana nutsewa kamar a cikin ƙullun fura. Na ce, “Baba, ina fatan ba mu yi ɓarna ba.” Bai ɗago ba ya ce, “Ɗana, damina takan zo wa bango daga sama, mun san yadda muke tare ta. Ku kuwa ta ƙasa kuka zo masa.” Kafin wata ya zagayo yaɓen wajen ya zube har kusan gwiwa, kuma sai da muka biya aikin kwana uku aka mayar da shi.

Dalilin a bayyane yake. Ƙasa tana tsotsar ruwa daga gindi zuwa sama, kuma idan ruwan ya bushe yakan bar gishiri a cikin bango, gishirin ya riƙa cin yaɓe yana mayar da shi gari. Fitsari ya fi ruwa ɓarna saboda gishirin da ke cikinsa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana kare fuskar bango daga ruwan sama, amma ba ta hana ruwan da ya kwanta a gindi shiga. Don haka a ajiye duro ko tankin alwala aƙalla taku goma daga kowane bangon ƙasa, a zuba tsakuwa a wurin, a ja ɗan lambatu ya kai ruwan gindin wata bishiya, tunda ruwan alwala ba shi da sabulu. Ruwan wanke-wanke mai mai da omo kuwa a tara shi a bokitai a kai kwata. Banɗakin gidan an yi shi ne domin iyali ɗaya, saboda haka a ɗauko banɗakin tafi-da-gidanka na haya ko a yi makewayin wucin gadi na zana a can nesa, na maza daban na mata daban, a kuma sa yaro mai nuna hanya, domin wanda bai ga wurin zagayawa ba bango zai nufa.

Girki ya fi kyau a yi shi a wani wuri a kawo a kuloli. Idan ya zama dole a yi a gidan, a kafa murhu a fili nesa da bango da rumfa da rassan itatuwa, a ajiye bokitan yashi da tukunyar kashe gobara a kusa. Hayaƙi yana baƙanta farar ƙasa da zanen dagin da ke fuskar soro, kuma ba a wanke bangon ƙasa, sai dai a sake shafe. Idan akwai rimi a filin, a tuna cewa audugarsa tana tashi a ƙarshen rani kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta kamawa. A kuma ɗaga kai a duba kogon tsofaffin itatuwa kwana biyu kafin taro, domin zuma takan yi gida a ciki kuma hayaƙi da ƙara suna tayar da ita.

Masu kanofi da masu ado su ne mutanen da ya kamata a tsaya a kansu da ido, ba don mugunta ba sai don sun saba da bangon siminti. Hannunsu yakan tafi kai tsaye ga ƙusa da salatif, kuma idan suka rasa inda za su ɗaure igiya sukan nufi zanko ko indararo. Zanko ƙasa ce da aka ɗora a kusurwar rufi, ba ta da ƙarfe a ciki, kuma iska ɗaya idan ta cika rumfa za ta tumɓuke shi. A gaya musu tun wajen ciniki cewa babu abin da zai taɓa ginin: kowane kyalle da fitila da allon suna ya tsaya da ƙafarsa a kan firam, rumfa kuma a danne ƙafafunta da buhunan yashi. Ni dai a ra'ayina bangon da aka yi wa zanen hannu ba ya bukatar a lulluɓe shi da yadi mai ƙyalli, tunda shi aka zo gani, kuma fitila biyu da aka ajiye a ƙasa suna haska shi da dare sun fi duk wani adon haya.

Wuta ma haka. Wayarin ɗin tsofaffin gidaje bai san firji da injin sanyaya ɗaki da manyan lasifikoki ba, kuma a gidajen zamanin Turawa silin da baranda na katako ne da ya bushe shekara da shekaru. A zo da janareto da wayoyinsa, kada a jona komai a jikin gidan. A ajiye shi a fili inda iska za ta kwashe hayaƙin, ba a zaure ko wani ɗaki ba, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Lasifika kuma a juya bayanta ga ginin, a rage dukan da ke girgiza ƙasa, domin girgiza tana kakkaɓe yaɓen da ya riga ya saki. Kalangu da algaita ba sa bukatar a ƙara musu murya a filin da bango ya kewaye. Kakaki da tambari kuwa kayan sarauta ne, ba a kiran su don an ari gidan sarauta. A kashe kiɗa idan an kira salla, a kuma tashi a lokacin da aka yi alkawari da maƙwabta.

Lambun shi ma yana da haƙƙi. Mangwaro da maɗaci da darbejiya da tsamiyar da suka girmi kakanninmu suna shan ruwa da iska ne ta ƙananan saiwoyin da ke kusa da saman ƙasa, waɗanda suke bazuwa har su wuce inda inuwar bishiyar ta tsaya. Mota idan ta tsaya a gindinsu tana danne ƙasar ta toshe ta, kuma illar ba ta fitowa sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da rassa suka fara bushewa kuma babu wanda zai tuna da bikin. A nemi filin makaranta ko wani fili a bakin titi a ajiye motoci, a ɗauki Keke Napep biyu ko uku su riƙa shigo da tsofaffi da masu goyo, tunda dama lungunan birni daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan ba a yi su don mota ba. Kafin a jera kujeru a ƙarƙashin bishiya a dubi ƙasa: idan ta yi fari da kashin tsuntsu, to balbela ko jemage na kwana a sama, kuma za su dawo da magariba a kan manyan riguna. A sare busassun rassa da izinin masu gida, a share ciyawa da tarin duwatsu saboda kunama da maciji.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙasa ta bushe kuma bango ya yi ƙarfi, sai dai a yi shara da yayyafi mai sauƙi a tsakiyar fili saboda ƙurar hunturu, a kuma tashi kafin sanyin dare ya sauka a kan tsofaffi. A Maris da Afrilu a yi taro da hantsi ko bayan la'asar. Farkon damina, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, shi ne lokacin guguwar da ke ɗaga rumfa, Agusta kuwa rufin ƙasa yana ɗauke da nauyin ruwan da ya sha, kuma ban ga dalilin tara jama'a a ƙarƙashinsa a wannan watan ba. A kauce wa ranar Juma'a da rana idan gidan yana kusa da fada da babban masallaci, haka ma ranakun Hawan Salla da Hawan Daushe da zagayen Maulidi, domin hanyoyin birni sukan cika maƙil. Idan ana sa ran baƙi daga nesa, a bincika ko ranar ta haɗu da bikin yaye ɗalibai na jami'a, lokacin da masauki yake wuya daga Samaru har Kongo.

Duk abin da aka yi magana a kai a rubuta shi, ko da gidan na ɗan'uwa ne. Takardar ta ƙunshi sassan da aka ara da waɗanda ba a ara ba, da yawan mutane, da lokacin shiga da na tashi, da wanda zai yi shara, da kuɗin wuri, da kuma wani kuɗi na daban da za a ajiye domin gyaran ɓarna. A ɗauki hoton bangaye da ƙofofi da daɓe da waya kafin a shigo da kaya, a gaban wakilin masu gida. Wasu dattawan za su ƙi karɓar kuɗi su ce gidan na kowa ne, kuma ba a musu da su a kan haka. A irin wannan hali a nemi maginin gidan a tambaye shi abin da yaɓen bana zai ci, a kawo ƙasa da makuba da ladan aiki kafin saukar ruwa, domin wannan kyauta ce da ba a mayarwa.

Washegarin taro da sassafe mai hidima ya koma da kansa, kada ya aika yaro. A tsince ledojin ruwa da robobin abinci tun kafin iska ta cusa su a bakin kwata da magudanar da ke fitar da ruwan sama daga tsakar gida, a kwashe toka da gawayi, a cike ramukan da aka haƙa, a kai sharar waje maimakon a ƙone ta a lambu. Daga nan a sake zagaya gidan tare da magini da wakilin masu gida da hotunan nan a hannu, bango bayan bango, a taɓa gindin kowanne a ji ko ya jiƙe. Inda aka samu laima a janye duk abin da ya tokare wurin a bar iska da rana su busar da shi, kuma kada a yarda kowa ya shafa masa siminti, domin siminti yana kulle laimar a ciki, ƙasar da ke bayansa ta ci gaba da ruɓewa har ranar da fuskar za ta ɓalle gaba ɗaya. Idan ya bushe, magini ya mayar da yaɓen da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, sannan a shiga a yi wa dattijon gidan godiya da bangajiya a mayar masa da makullin ƙofar lambu.